Lamba ta Dubu a Allon Haldwick

Shekara arba'in da biyu Cyril Ogden ya yi yana rubuta sunayen 'yan ƙwallon Haldwick da zinariya, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya ga haƙoransa a bakin aiki. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗingisa ƙafar hagu. Sana'arsa rubutun allunan shaguna da na motocin kaya, irin ta ubansa Enoch, amma ba da ita gari ya san shi ba. An san shi da allon da ke lungun 'yan wasa, tsakanin ɗakin wanki da ƙofar fita fili. Baƙin katako ne, tsawonsa ƙafa talatin da biyu, kuma duk wanda ya taɓa buga wa kulob ɗin wasan gasa yana da suna da lamba a jikinsa.

Dokar allon ɗaya ce tak, ba a kuma rubuta ta a ko'ina ba. Sa rigar kulob ba ya sa a rubuta ka. Shiga fili ma ba ya sawa. Sai ƙwallo ta taɓa jikinka ana cikin wasa, kuma wanda ta fara taɓawa shi ke gaba a lamba.

Asalin abin tun ranar Asabar, 25 ga Agusta 1923, ranar da Haldwick ta fara shiga gasa. Mutum goma sha ɗaya, duk sababbi, kowa na son lamba ɗaya. Mai masaƙar garin, wanda ya gina rumfar 'yan kallo, ya ce a fara da ɗan gaban goshinsa. Enoch Ogden, yana da shekara ashirin a lokacin, ya ce masa, “Yallaɓai, bari ƙwallo ta raba gardama.” Ya zauna a layi na uku na rumfar da agogon aljihu da ɗan littafi. Lamba ɗaya ta faɗa kan Jabez Crowther, wani masaƙi mai kunne ɗaya da rabi, don shi ya take wasa. Gola ya tsaya minti ashirin da shida yana hura hannu kafin ƙwallo ta iso shi, shi ya sa yake lamba sha ɗaya har yau.

A gidan wannan mutum aka haifi Cyril cikin 1947. Ya koyi haɗa fenti kafin ya koyi karatu, amma zuciyarsa tana ƙafarsa. Yana ɗan shekara goma sha tara kulob ta ɗauke shi, kuma ranar 22 ga Afrilu 1967 aka zaunar da shi a benci. A zamanin mutum ɗaya ake ajiyewa, ba ya shiga kuwa sai wani ya ji ciwo. Haldwick tana gindin teburin gasa, dole ta ci wasan. Saura minti biyu, ba ci, sai ɗan wasan gefen dama ya faɗi riƙe da cinya. Aka ce, “Ogden, tashi.”

Abin da ya biyo baya tsofaffin gari suna ba da labarinsa har gobe. Aka kwararo ƙwallo ta ƙasa zuwa bakin raga. Cyril ya taho da gudu kamar zai fasa ta, 'yan baya biyu da gola suka zube gabansa, shi kuwa ya buɗe ƙafafu ya bar ta ta wuce, don ya ji takun abokinsa a bayansa. Abokin ya tura ta raga ba kowa a ciki. Kafin a gama murna alƙali ya busa tashi. Mutum dubu tara suka ɓarke cikin fili, Cyril suka ɗauka a kafaɗa, ba wanda ya ci ba.

Washegari Lahadi, bayan an taso daga sujada, uwarsa ta ajiye gasasshen nama da dankali a tebur. Cyril ya kasa haƙuri.

“Baba, gobe da ƙarfe tara ke nan? Ɗari huɗu da talatin da uku ce tawa, na duba.”

Enoch bai ɗago kai daga faranti ba. “Ka taɓa?”

“Baba, ni na ba da cin nan. Gari duk ya gani.”

“Ni ma na gani, ina layi na uku. Tambayarka nake, ka taɓa?”

“Ai da na taɓa da ba a ci ba!”

“To ka gani. Ba ka taɓa ba. Miƙo mini gishiri.”

Uwar ta ajiye cokali. “Enoch, ka ji tsoron Allah, ɗanka ne fa.”

“Shi ya sa. Asabar mai zuwa ya taɓa, Litinin in rubuta shi, in ƙara masa ado ma in yana so.”

Asabar ɗin ba ta zo ba. Ranar Laraba, a wasan ƙananan 'yan wasa wanda ba a lissafa shi, wani ƙato ya hau gwiwarsa da ƙafa biyu. Wata biyar yana kwance. Mutanen gari suka sa hannu a takardar roƙo, har limamin cocinsu ya je shago ya yi magana. Enoch ya saurare su da ladabi, ya raka su ƙofa. Da kakar wasa ta kewayo, lamba 433 ta tafi ga wani ɗan Sikotlan mai suna McAvoy, wanda ya buga wasa uku, ya sha giyar wata shida, ya ɓace.

Shekara shida Cyril bai ce wa ubansa uffan ba, suna gida ɗaya, suna shago ɗaya. In ana son tsani ko kwalbar mai, sai a nuna da haɓa. Daga baya magana ta dawo, amma ta aiki kawai. Enoch ya rasu a watan Fabrairu na 1981, allo yana kan 561. Washegarin biso Cyril ya ɗauki akwatin kayan aiki da mabuɗin lungu, ya tafi fili shi kaɗai. Buroshi yana hannunsa, ba mai hana shi. Ya buɗe littafin uban don ya ga inda zai cusa kansa, sai ya iske shafi na ƙarshe an ja masa layi, an rubuta a sama: waɗanda suka shiga ba su taɓa ba. Mutum uku ne. Na farko shi ne, da kwanan wata da minti, kuma a gefe da ƙananan baƙaƙe: “Ban ga wanda ya fi shi hankali a fili ba.”

Cyril ya yi jifa da littafin, ya daki bango. Wai ashe uban ya sani. Ya sani, shekara goma sha huɗu, bai furta ba. Sa'an nan ya ɗauko shi, ya kaɗe ƙura, ya mayar akwati. Bai rubuta komai ba ranar. Tun daga nan fushin ya sami gida a ƙirjinsa, kuma abin mamaki, allon ya zama abin da fushin ke gadi.

A hannunsa allon ya ci gaba da tsawo. Masaƙa ta rufe. Rumfar yamma ta ƙone a 1988, hayaƙi ya baƙanta lamba ɗaya zuwa casa'in, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya da auduga har mako bakwai. Kulob ta faɗa ƙaramin rukuni sau uku, ta hauro sau biyu, ta sake faɗawa, ta sake haurowa. Ya rubuta 'yan gari, ya rubuta 'yan aro da suka kwana biyu, ya rubuta sunayen ƙasashen da bai san inda suke a taswira ba, kowanne sai ya sa an rubuta masa a takarda ya duba sau biyu. Bai taɓa kuskuren baƙi ɗaya ba. Shafin ƙarshe na littafi kuwa ya kai mutum bakwai.

Sai Rex Dalby ya sayi kulob. Mutum ne da ya yi arziki da filayen ajiye motoci, mai haƙora farare sol, yana kiran kowa “abokina”. Shekarar farko ya sauke tsohon agogon rumfa ya kafa talabijin. Ta biyu ya sa sunan kamfaninsa a kan filin, ya kori matan da ke sayar da shayi tun kafin a haife shi. Cyril ya cije, ya ce ba allo ba ne. Ta uku ce Dalby ya tsaya a lungu, hannu a aljihu, ya karanta layin ƙarshe da ƙarfi: 999. Ya tuna kulob za ta cika shekara ɗari a gasa. Ya tuna kuma yana da ɗa.

Jasper Dalby shekararsa ashirin da bakwai, kuma a faɗi gaskiya ba mugun mutum ba ne. Ya buga ƙwallo a jami'a, ya iya gudu a miƙe. Aka yi masa rajista cikin 'yan wasa, aka ba shi riga. Wasan ƙarshe na kaka, a watan Mayu, ba abin da ake nema ba abin da ake tsoro, saura minti ɗaya koci ya tura shi fili yana kallon ƙasa. A kantin kulob riguna ɗari biyar suna jira cikin kwali, an buga musu DALBY 1000 a baya.

'Yan wasan da suka zo baƙunta su ke kan gaba da ci ɗaya, sai suka kai ƙwallo kusurwa suka tsare ta, kamar yadda kowa yake yi. Jasper ya bi ta nan, ya bi ta can, kamar kare da kaza. Minti uku da daƙiƙa goma. Aka busa tashi. A layi na uku Cyril ya buɗe shafin ƙarshe ya rubuta mutum na takwas.

Ranar Litinin da ƙarfe tara Dalby ya iske shi a lungu yana goge allo, akwati a rufe.

“Abokina! Ina zinariyar? Masu hoto na zuwa da goma.”

“Wa za a rubuta?”

“Haba tsoho, kada ka yi mini haka. Jasper mana.”

“Ya taɓa?”

“Ya shiga fili! Yana cikin takardar alƙali, yana cikin ta hukumar gasa.”

“To alƙali ya zo ya rubuta.”

Dalby ya yi dariya, ta gajarta. “Ka san allon nan nawa ne? Bangon nawa ne, ƙusar da ta riƙe shi tawa ce.”

“Katako naka ne, Mista Dalby. Ka cire ka hura wuta in kana jin sanyi. Amma mutum ɗari tara da casa'in da tara ne a nan, wasu sun bar haƙora a filin can, Ned Pilling mai lamba 176 ya tafi yaƙi bai dawo ba. Ba zan sa su zama layin jiran ɗanka ba.”

Dalby ba wawa ba ne, kuma an ba shi labari. Ya sassauta murya, ya dafa kafaɗar Cyril.

“Na ji abin da mahaifinka ya yi maka. Zalunci ne, kowa ya faɗa. Mu gyara. Daga yau duk wanda ya taka fili a rubuta shi. Kai ma, Cyril Ogden, da zinariya, da hannunka. Shekara hamsin da shida kana jira.”

Ba za a ce maganar ba ta shige shi ba. Idonsa ya tafi kan 433, kan sunan McAvoy, inda yake zuwa kowace Litinin ko bai so ba. Dalby ya fara murmushi.

“Mu bakwai ne a gabansa,” in ji Cyril a hankali. “In ka sa mu, ɗanka ya zama dubu da bakwai. Me za ka yi da rigunan?”

“A'a, ku za a yi muku ɗan allo daban, a gefe, da tauraro...”

“A gefe!” Muryarsa ta cika lungun har ta danne ƙarar injin wanki. “Ka zo sayen ubana da sunana, sunan ma a gefe za ka rataye shi kamar tawul? Ɗauke hannunka daga kafaɗata!”

Da Dalby ya fita, ƙofar ɗakin wanki ta buɗe. Beryl Tatlock ce, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana wanke rigunan kulob, kuma ita kaɗai ce a Haldwick ba ta shakkar Cyril. Ta miƙo masa shayi.

“Sha, kafin jijiyar wuyanka ta tsinke in sha wahalar wanke jini.”

“Kin ji shi?”

“Har mutanen tashar bas sun ji ka. Kai dai jakin Ogden ne, na biyu a jere. An kawo maka abin da kake kuka a kai tun ina budurwa, ka shure.”

“Ban taɓa kuka ba.”

“Ƙwallo ce ba ka taɓa ba, kuka kam ka taɓa. Marigayiya matarka Doreen ta gaya mini.”

“Doreen ba ta da aiki sai surutu, Allah ya ji ƙanta.”

“Zai kore ka, Cyril. Ya kawo yaran nan masu manna takardar roba, minti biyu sun gama.”

“Ya kawo. Tururin wankinki zai ɓare ta kafin Kirsimeti.”

Dalby bai kawo su ba. Labari ya riga ya fita mashaya, daga mashaya ya shiga jaridar gari, kuma mutum ba ya sayar da rigar tarihi ga mutanen da ke yi masa dariya. Sai ya canza dabara. Ya kira 'yan jarida ya ce shi mai girmama al'ada ne, dokar allo tana nan daram. Wasan farko na sabuwar kaka, 5 ga Agusta, Jasper zai fara tun daga farko, kuma shi zai take wasa, kamar yadda Jabez Crowther ya yi shekara ɗari da suka wuce. Taɓawa ɗaya, daƙiƙar farko, lamba dubu. Bayan tashi kuma Mista Ogden zai rubuta a gaban baƙi.

Wannan ya fi na farko ƙona wa Cyril rai, domin ba shi da abin cewa. Doka ce, an bi ta. Wata uku yana yawo da abin kamar ƙaya a maƙogwaro. Ya yi tunanin ya ce hannunsa na rawa. Ya yi tunanin ya jefa akwatin a kogi. Amma ya san kansa: in ƙwallo ta taɓa Jasper da fari, zai rubuta shi, da kyau kuma, ya je gida ya yi amai.

Rana ba ta ƙarya. Fili ya cika, kusan rabin yaran gari sanye da DALBY 1000. Sababbi uku ne a jerin Haldwick: Jasper, da wani ɗan tsakiya mai suna Ibbotson, da wani dogon ɗan baya, Callum Rudge, wanda aka aro na wata ɗaya daga wata kulob ta kudu, ya iso ranar Alhamis da jaka ɗaya.

Abu ɗaya ya rage. Wanda ya ci jefa kwabo shi ke zaɓa, ko ya take wasa ko ya ɗauki gefen da yake so. An gaya wa kyaftin Lee Sugden sau uku, Dalby da kansa ya sauko ɗakin sa kaya ya maimaita: in ka ci, ka ce mu za mu take. In baƙi suka ci, an san za su zaɓi gefe, takewa ta dawo mana. Ta ko'ina an toshe.

Sai dai filin Haldwick yana da gangara, ƙafa shida daga wannan raga zuwa waccan. Tun zamanin Crowther duk kyaftin ɗin da ya ci kwabo hawa yake zaɓa da fari, don a samu gangare bayan hutun rabin lokaci sa'ad da ƙafafu suka mutu. Yara a makarantun garin ma haka suke yi a filayen da ba su da gangara. Sugden mai lamba 871 ya yi shekara goma sha ɗaya yana yin haka. Kwabo ya tashi, ya sauko, alƙali ya nuna shi. Kafin ya rufe baki hannun Sugden ya riga ya miƙe.

“Hawa,” in ji shi.

Sabo turken wawa. Sugden ya rantse daga baya cewa hannun ne ya tafi da kansa, ya kama kai da hannu biyu nan take, kowa ya gani. Akwai masu cewa sun ga ya kalli layi na uku tukuna. Cyril bai taɓa tambayarsa ba.

Baƙi suka take. Suka mayar baya, ɗan bayansu ya ɗaga ta sama da dukan ƙarfinsa, ta bi gangare da iska. Callum Rudge ya ɗaga kai yana nemanta cikin rana, ta sauko ta dake shi a hanci. Daƙiƙa tara. Jini ya wanke masa riga. Ibbotson ya share ta a daƙiƙa ta sha ɗaya. Jasper kuwa sai a minti na huɗu ta same shi, ya ba da ita lafiya, aka yi masa tafi, a minti na ashirin aka cire shi. Cyril ya duba agogon ubansa sau uku, ya rubuta layi uku.

Aka tashi ɗaya da ɗaya. Ƙarfe biyar da kwata lungu ya cika da baƙi da masu hoto da kofunan giya mai kumfa. Dalby ya ratso ya raɗa masa a kunne, “Kada ka kawo mini zancen daƙiƙa, tsoho. Kowa ya san abin da aka zo yi.” Cyril ya buɗe akwati.

Aikin zinariya ba a ganinsa da fari. Da wani danƙo mai kama da ruwa ake rubuta baƙaƙen, a kan baƙin katako kuwa ba ido da zai karanta shi sai na mai rubutun. Ya yi layi uku, ƙaramin yatsa a kan sandar jingina hannu, ba gaggawa. Sa'an nan dole a jira rabin sa'a danƙon ya kama. Dalby ya cika lokacin da jawabi. Cyril ya taɓa da bayan yatsa, ya ji ya yi. Ya ɗauko fallen zinariya, wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba, ya shimfiɗa a layin sama, ya danna da auduga. Masu hoto suka matso. Ya share da buroshi mai laushi, ragowar ta zube kamar gari.

1000 C. RUDGE.

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya mayar da ita tari. Fuskar Dalby ta yi ja har kunne.

“Wane ne Rudge?” in ji matar magajin gari.

“Ni ne, Uwargida,” in ji wata murya daga ƙofar ɗakin sa kaya, auduga cushe a hanci biyu. “Me na yi?”

“Goge shi,” in ji Dalby. “Goge shi yanzu!”

“Ba ya goguwa, sai an kankare katako.” Cyril bai juyo ba, ya shimfiɗa falle na biyu. “Daƙiƙa tara, da hanci. Mutum dubu shida sun gani, talabijin ɗinka ma ya nuna sau biyu. Kai ka gaya wa jarida doka tana nan daram.”

“Ɗan aro ne! Wata ɗaya zai yi! Ko sunan titin nan bai sani ba!”

“Ƙwallo ba ta tambaye shi ba.”

1001 ta fito, Ibbotson. Sai 1002, J. DALBY, baƙaƙe tsaf, ba su fi na kowa ba, ba su kasa ba. Jasper ya daɗe yana kallon sunansa, ya ce a hankali, “Baba, bar shi haka. Wannan tawa ce.” Uban bai ko dube shi ba. Ya miƙa wa Cyril tafin hannu.

“Mabuɗi.”

Cyril ya wanke buroshi tukuna, ya shafa masa mai, ya nannaɗe, ya rufe akwati. Sa'an nan ya ciro mabuɗin daga zoben da ubansa ya sa shi, ya sake shi a ƙasa tsakanin takalman mai kulob, ya fita yana ɗingishi.

Ba a kankare allon ba, don hoton ya riga ya shiga jarida. Rudge ya yi wasa huɗu ya koma kudu. Daga 1003 zuwa ƙasa takardar roba ake mannawa, bisa jerin baƙaƙe, har da wanda bai tashi daga benci ba. Cyril yanzu tikiti yake saya kamar kowa, layi na uku, da agogo da littafi, yana rubuta minti da suna yadda ya kamata su kasance. Wanda ya zauna kusa da shi ya ce ba a jin komai daga bakinsa sai tsaki.

Wata Asabar a watan Nuwamba, bayan an ci Haldwick uku da nema, Beryl ta same shi a shagon kifi da soyayyen dankali na bakin titi, ta zauna ba a gayyace ta ba.

“Albishirinka. Dubu da biyar ta faɗo jiya, na tsince ta manne a gindin wandon gola.”

“Kafin Kirsimeti na ce.”

“Ka ce, boka. Sai ka yi murna mana.”

“Murnar me? Allon ubana ya zama ƙofar firji.”

Ta ɗauki dankali ɗaya daga takardarsa. “Ka san dai da ka yarda a watan Mayu, da mabuɗi na aljihunka, sunanka na bango. Yanzu fa? Za ka mutu, ba Ogden ko ɗaya a allon da Ogden biyu suka ƙare rayuwarsu a kai.”

Ya dube ta, jijiyar wuyan ta tashi.

“Na taɓa?”

“Kai, Cyril...”

“Tambayarki nake, Beryl. Na taɓa?”

“Ba ka taɓa ba, jaki.”

Ya jawo gishiri da kansa, ya zazzaga har ya yi yawa, ya ci a haka.